Gurbin Uba a Littafin Garke

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Arba'in da uku. Duk shanun sun shiga. Na rufe ƙyauren, na ɗaure shi da waya, na taka har bakin ofis, na koma na sake dubawa.

Sakamakon gwajin jinin ya iso yau. Manaja ya kira ni da Baba makiyayi ofishinsa wajen sha ɗaya, abin da bai saba ba, don Baba ba ya shiga ofis sai in faɗa za a yi masa. Takardar shafi shida ce. Manaja ya tsallake zuwa ƙarshe ya karanta mana. Abin da na fahimta shi ne: gajerun shanunmu marasa tozo, waɗanda aka kafa gonar nan dominsu, waɗanda muke gaya wa kowane baƙo cewa sauransu kaɗan ne a duniya, wai jininsu ya gauraye da na manyan fararen shanun da suka cika kowace kasuwa. Wai dangi ne na kusa, ba iri ne dabam ba. In haka ne, in ji hedikwata, ba dalilin ware musu gona. Kwamiti zai zauna ranar 28. Ko a zuba su cikin garken madara na babbar gona, ko a sayar.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, injin nan ya taɓa ganin saniya kuwa?"

Manaja ya ce, "Baba, ba lokacin raha ba ne."

"Ai ba raha nake ba. Tambaya ce."

Shekara goma sha shida littafin garken nan yana hannuna. Kowane maraƙi da ya faɗo, ni nake rubuta lambar kunnensa, da ranar, da uwa, da uba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Arba'in da uku. Ban ci abin kirki ba jiya. Maman yara ta tambaya, na ce ciki ne.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ina so in rubuta yadda aka ɗibi jinin, daki-daki, don kaina.

Wata uku ke nan da Dakta ta zo daga jami'a da akwatinta mai ƙanƙara. Shanu goma sha biyu take so. Ta ce a zaɓo kowaɗanne. Da ta juya baya Manaja ya ja ni gefe ya ce, "Akawu, baƙuwa ce fa. Kawo mata masu kyau, kar a ba mu kunya."

Haka muke yi wa kowane baƙo. Ba a taɓa nuna wa baƙo saniya mai kaska a kunne ba. Na zaɓo masu tsayi, masu sheƙi, waɗanda ke bin layin katakon da ake matse su don allura ba gardama. Dogo ne farko, babban bijiminmu, wanda in na kira shi yakan zo ya ɗora min kai a kafaɗa. Sai 'ya'yansa da 'yan uwansa mata. Goma suka cika. Biyun ƙarshe Baba ya kawo su da kansa ba wanda ya sa shi: Mai Fushi, da wata karsana baƙa da ta karya mana katako ɗaya kafin a samu jijiyarta. Manaja ya harare shi, Baba ya yi kamar bai gani ba.

Ni na riƙe kwalaben. Ni na liƙa lambobin. Na duba sau biyu a ranar. Ba a kwalabe matsalar take ba.

Laraba, 6 ga wata, tsakar rana

Na buɗe littafin na bi shi daga farko. Na tsaya a shafi na sittin. Na rufe.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Dakta ta zo yi mana bayani. Mace ce mai haƙuri, ba ta raina tambaya. Ta shimfiɗa wata takarda a teburina, cike da ɗige-ɗige. Ta ce kowane ɗigo dabba ɗaya ce, kuma waɗanda jininsu ya yi kama su ne ke zama kusa da juna. Shuɗɗan ɗigo, fararen shanu ne, sun taru kamar tururuwa a kan sukari. Jajayen su ne namu. Goma sun jeru suna dosar shuɗɗan, wasu har sun kusa shiga cikinsu. Biyu kuwa suna can ƙuryar takarda su kaɗai.

Ta ce, "Duk shanu dangi ne, Malam. Nisan dangantakar muke aunawa. Na zo ina sa ran in ga naku duka a can ƙurya."

Na ce, "Waɗannan biyun fa?"

"Su ne suka hana ni sakat. Biyu cikin sha biyu, kwamiti zai ce kuskuren ɗakin gwaji ne. Ni ma na fara zaton haka." Sai ta ɗago kai. "Baƙon bijimi bai taɓa shiga garken nan ba?"

Na ce, "Littafi bai nuna ba."

Ta ce ta sani, ta karanta kwafin da na ba ta. Ta ce ba ta taɓa ganin littafin garke mai tsafta irin nawa ba, ko gogewa ɗaya babu. Saboda shi ne ma ta rubuta cewa gaurayen tsoho ne, tun kafin a kafa gonar, ya shiga irin gaba ɗaya, ba sauran abin da za a ceto.

Na yi mata godiya. Godiya fa na yi.

Baba yana bakin taga yana gyaran igiya duk tsawon maganar. Da motarta ta tashi ya ce, "Akawu, an yaba maka." Ya ci gaba da igiyarsa.

Juma'a, 8 ga wata, safe

Arba'in da uku. Ƙyauren lafiya.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

'Yata Auta ta kawo jarrabawarta ta lissafi, ta ci sha takwas cikin ashirin. Ta ce, "Baba, na gaje ka." Uwarta ta ce, "Allah ya sa ba har da tagumin ba."

Shekararta tara. Ba na buƙatar littafi in san shekarun Dogo. In cire wata tara da 'yan kwanaki daga nata.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba ranar aiki ba ce amma na je. Na ɗauko littafin magani na shekara biyar, na ja layi a farar takarda na raba ta biyu. A dama na sa duk dabbar da aka taɓa yi wa allurar sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. A hagu waɗanda ba a taɓa ba.

Dama: ashirin da huɗu. Dogo kansa sau shida.

Hagu: sha tara. A cikinsu akwai maruƙa biyu na bana, 'ya'yan Dogo, ba su fara fita kiwo ba, ba su ga ƙudan tsando ba tukuna. In an cire su, sha bakwai.

Sha bakwai ɗin nan su ne Baba ke kaiwa bakin rafi, inda ƙudan ya fi yawa, su yini a can su dawo ƙalau. Su ne masu harbi. Su ne muke korawa bayan rumbun ciyawa in an ce baƙi na tafe.

Wataƙila ni ne nake ganin abin da nake tsoro. Iyakata sakandare, ba ni da ilimin jini. Wataƙila Dakta ce da gaskiya, gaurayen tsoho ne, abin da na sani bai canja komai ba. Na faɗa wa kaina haka sau uku a hanyar gida. Bai zauna ba.

Litinin, 11 ga wata, safe

Arba'in da uku.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wani dillali ya zo ganin shanu. Ba wanda ya kira shi, in ji Manaja, labari ne ke da ƙafa. Ya zagaye Dogo yana dukan cinyarsa. Da ya hango su Mai Fushi ya yi dariya ya ce, "Waɗannan awakin fa? Su ma ciki suke?"

Baba ya ce, "Matsa kusa ka tambaye ta."

Bai matsa ba. Ya ce irin waɗannan mahauta kawai za su ɗauka.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na bi Baba bakin rafi. Na ce lambobin kunne na zo dubawa. Ya ce to. Muka zauna a kan gungumen nan. Ɗan Fitina, ƙaramin bijimin da Manaja ya sha cewa a dandaƙe shi Baba yana ja masa rai, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana kallonmu kamar mun ci masa wani abu.

Baba ya ce, "Ka rame, Akawu."

Na ce zafi ne.

Ya ce, "Zafi. To." Can ya nuna da sanda. "Ka ga waccan? 'Yar Mai Fushi ce, jikar Kunnen Hagu. Ubanta ga shi nan cikin ruwa. Waccan kuma ƙanwarta. Tunda aka ɗora Dogo a kan garken nan, ban bari ya shinshini ko ɗaya cikin waɗannan ba. Kai kana da littafi, ni ma ina da nawa." Ya taɓa goshinsa.

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In faɗi me? Ga wa? Ni da ban iya rubuta sunana ba, in ce littafi ya yi ƙarya?" Ya tofar da tsinken bakinsa. "Kuma ranar nan na ga fuskarka da ka dawo daga asibiti. Wanda ya ga fuskar nan ba zai kai ƙara ba."

Shekara tara tun daga nan muna aiki kafaɗa da kafaɗa, yau ne karo na farko da ɗayanmu ya ambaci ranar.

Na ce, "Baba, me zan yi?"

Ya ce, "Ni makiyayi ne. Alƙalami naka ne."

Alhamis, 14 ga wata, tsakar rana

Shafi na sittin da ɗaya. Layi biyar ne kawai. Na kalle su har biro ya yi min shati a yatsa.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga wurin Manaja da littafin a hammata. Na ce akwai wani abu game da haihuwar Dogo. Ban ƙarasa ba ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Akawu, zauna. Wa ya zaɓi Dogo ya zama uban garke?"

Na ce, "Kai ne, ranka ya daɗe."

"Wa aka ba takardar yabo saboda iri ya inganta, shanu sun ƙara tsayi?" Ya nuna bango. Tana nan a firam, da hoton Dogo a gefenta. Na tuna ranar da ɗan tozonsa ya fara fitowa, Manaja ya shafa shi ya ce ƙiba ce, alamar kulawa. Ni ina tsaye na gyaɗa kai.

Ya ce, "Saura min shekara biyu in yi ritaya. Kai gidan gona kake zaune da iyalinka. In an rufe nan, za a mayar da mu babbar gona da mutuncinmu. A bar kaza cikin gashinta."

Na ce, "Shanun fa?"

"Shanu ne, Akawu. Ko'ina ciyawa za su ci."

Ba mugun mutum ba ne. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, da motarsa aka kai mu. Gajiya ce ta same shi, irin tawa.

Asabar, 16 ga wata, safe

Arba'in da uku. Na duba ƙyauren sau uku. Mai gadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta shi. Ba wanda zai karanta wannan sai ni.

Ranar da za a haifi Auta, naƙuda ta zo da gardama. Maƙwabciya ta rugo gona da hantsi tana cewa jini ya ɓalle. Baba ya tafi ɗauko dusa da motar gona, ni kaɗai ne a wurin, ina cikin fitar da garke ƙaramin fili na gefen shinge. Na ja ƙyauren waje na gudu. Ban ɗaure wayar ba. Kwana biyu ina asibiti. Da na dawo, Baba ya ce min wani farin bijimi na masu wucewa da shanu ya shigo, ya kwana biyu cikin garke kafin ya iya fitar da shi. Bai ƙara ko kalma ba.

Bayan wata tara aka haifi maruƙa biyar masu dogayen ƙafafu. Mata uku, maza biyu. Ɗaya namijin ya mutu. Na buɗe littafi, na zo gurbin uba, na rubuta lamba bakwai, tsohon bijiminmu. Sau biyar. Rubutun ya fito tsaf.

Na ce a raina biyar ne kawai, za su ɓace cikin garke. Sai suka fi kowa kyau.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na gaya wa Maman yara. Tana ninke kayan wanki a kan gado. Ba ta tsaya ba sai da ta gama rigar hannunta.

Ta ce, "Shi ne ciwon cikin?"

Na ce shi ne.

"Shekara tara kana tashi daga kan abinci ka ce ka manta wani abu a gona. Ni har na fara zaton aljanu ne."

Na ce in na faɗa, za su iya korata. Gidan nan na gona ne.

Ta dubi bangon da muka yi wa fenti bara, da labulen da ta ɗinka daidai tagar. Sai ta ce, "Kai dai ba ka iya ƙarya ba, Malam. Guda ɗaya ka yi a rayuwarka, dubi yadda ta cinye ka. Wasu kullum suna yi, suna ƙiba."

Na ce ba ta ba ni amsa ba.

Ta ce, "Ni ce a kan gadon asibitin nan. Da ka tsaya ɗaure waya, da wata ce ke ninke maka kaya yau. Wannan ban yarda ka yi nadamarsa ba. Ɗayan kuma, na biron, ka san abin da za ka yi, so kake in faɗa maka don ka ce ni na sa ka."

Ta miƙo min zanin gado muka ninke tare.

Talata, 19 ga wata, safe

Arba'in da uku. Ban je wurin Dakta ba.

Laraba, 20 ga wata, safe

Na kai har tasha. Na dawo. Na ce wa kaina ban ɗauko takardar allurar ba, kuma gaskiya ne, ban ɗauko ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je.

Ofishin Dakta yana hawa na biyu, ƙarshen baranda, kusa da ɗakin da injinan sanyi ke kuka. Na jira awa ɗaya da minti ashirin a kan benci da littafin a cinyata. Da ta fito daga aji ta gan ni ta ce, "Malam, lafiya? Wata ta mutu?"

Na buɗe mata shafi na sittin da ɗaya. Na sa yatsa a layin farko. Na faɗa mata kamar yadda na rubuta a nan ranar Lahadi, sai dai muryata ba ta yi tsaf kamar rubutun ba. Na ba ta takardar dama da hagu. Na ce goma cikin sha biyun da ta ɗiba daga layi biyar ɗin nan suka fito, don mu masu kyau muke nuna wa baƙo.

Ta ɗauko takardar ɗige-ɗigen ta ajiye kusa da tawa. Ta ce, "Masu kyau." Ta dafe goshi. Ban san ko dariya za ta yi ko kuka ba. "Ni na ce kowaɗanne. Ya kamata in shiga garken in nuna da hannuna. Wannan laifina ne."

Na ce a'a, nawa ne.

Ta ce, "Ya ishe mu mu biyu, kar mu yi faɗa a kansa." Sai ta dube ni sosai. "Ka san dole in rubuta dalili in zan nemi kwamiti ya jira? Dole shafin nan ya shiga, da sunanka."

Na ce na sani.

"Na riga na aika rahoton farko da sa hannuna. Ni ma zan sha kunya, ba kai kaɗai ba."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ranar Asabar in tanadi igiya mai ƙarfi.

Juma'a, 22 ga wata, tsakar rana

Manaja ya sani. Na gaishe shi, ya amsa wa bango.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Jinin duka arba'in da ukun ta ɗiba. Daga bakwai na safe har la'asar. Su Dogo sun wuce cikin awa biyu. Sauran yinin na sha bakwai ɗin ne. Katako uku suka karye. Ɗan Fitina ya tsallake layin gaba ɗaya, sai da muka bi shi har rumbun ciyawa. Mai Fushi ta same ni a ƙauri, ya kumbura kamar tulu.

Baba ya ce, "Gaisuwa ce. Ta ji labarin ka je birni saboda ita."

Dakta ta zauna da shi a inuwa tana rubuta abin da ke cikin kansa: wace ce uwar wace, wa ya hau wa, har kaka ta huɗu. Ta ce masa ya kamata a ba shi digiri. Ya ce a ba shi sabon takalmin ruwa, ya fi.

Litinin, 25 ga wata, safe

Takardar tuhuma daga hedikwata. Kwana uku in ba da amsa. Na rubuta shafi ɗaya, ban sa maganar asibiti ba. Na yaga, na sake rubutawa, na sa ta a layi ɗaya.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwamiti ya ɗage zuwa ranar da sabon sakamako zai fito. Ba su ce eh ba, ba su ce a'a ba.

Idan ya fito ya nuna su ma sha bakwai ɗin gauraye ne, to na zubar da mutuncina da na Manaja da na Dakta a banza. Ban yi tunanin wannan sosai ba kafin in je. Ƙarya nake. Na yi.

Talata, 3 ga sabon wata, safe

Arba'in da uku. Kumburin ƙaurin ya saɓe.

Juma'a, 6 ga wata, safe

Shiru.

Laraba, 11 ga wata, tsakar rana

Shiru. Maman yara ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa, ta ce na takalma ne. Ba mu da takalma masu yawan haka.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta kawo takardar da kanta. Ɗigo ashirin da shida sun watsu a hanyar shuɗɗan. Sha bakwai sun dunƙule a ƙurya, nesa da kowa, ba ɗaya da ya zame. Ta ce nisan da ke tsakaninsu da fararen ya fi abin da ta yi zato, kamar dangin da suka rabu tun ba a san kirga shekaru ba. Ta ce sha bakwai kaɗan ne ƙwarai, da bijimi ɗaya tal, dole a nemo wani namiji daga inda sauran irin suke, in ba haka ba jini zai yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ta ce kar in yi murna da yawa.

Ban yi ba. Na zauna a kan buhun dusa.

Baba ya karɓi takardar ya riƙe ta a juye. Ya ce, "To, yanzu injin ya ga saniya."

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Hukunci ya fito. Gona za ta ci gaba da sha bakwai. Ashirin da shida za su koma babbar gona. An karɓe littafi daga hannuna, an rage min mataki ɗaya, an mayar da ni kula da rumbun ciyawa da shinge. Gidan ba a taɓa ba. Manaja an yi masa gargaɗi. Firam ɗin ya bar bango, shatinsa kawai ya rage a fenti.

Kafin in miƙa littafin na roƙi minti biyar. Na buɗe shafi na sittin da ɗaya, na ja layi ɗaya a kan kowace lamba bakwai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. A gefe na rubuta: baƙon farin bijimi, ba a san mai shi ba. Sau biyar. Na sa hannu da kwanan wata. Wannan karon rubutun ya karkace. Gogewa ta farko ke nan a littafin.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Motoci biyu suka zo da hantsi. Direban ya kawo bulala da igiyoyi, ba a yi amfani da su ba. Na kira Dogo, ya zo ya ɗora min kai a kafaɗa kamar kullum. Na taka katakon hawa, ya biyo ni. Sauran suka bi shi. Na sauko ta gefe. Bai yi kuka ba sai da mota ta kai kwana.

Baba ya ce, "Ba laifinsa ba ne. Kyan ɗa ya gaji ubansa." Ya ja hularsa ya rufe ido, ya ce rana ce.

Da yamma ya dawo da su daga rafi. Filin ya yi musu yawa, suka tsaya a tsakiya suna waige-waige. Kirga ba aikina ba ne yanzu, amma na kirga. Sha bakwai. Mai Fushi ta kawo min harbi a bakin ƙyaure, na kauce.

Na rufe, na ɗaure wayar. Na kai bakin ofis na tsaya. Na daɗe a tsaye. Sai na wuce gida.